Ganyen da Ya Yi Tafiya a Kagoro

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan fili in ba 'yan'uwa labarin abin da na gani a Kagoro, kusa da Kafancan, cikin watan Agusta.

Na sauka gidan wani dattijo a gindin dutse, dab da kurmi. Da almuru sai kurmin ya kaure da kuka, wani kamar ana jan zarto, wani siriri har yana huda kunne. Na ce gyare ne. Dattijon ya ce, "Malam, bari gari ya waye." Da safe jikansa ya kai ni bakin rafi, ya nuna mini reshe, ya ce in fid da ganyen da ba ganye ba. Na duba, na sake dubawa, ban ga kome ba. Ya taɓa ɗaya da tsinke, sai ga ganye yana tafiya! Fikafikansa kore shar, da jijiyoyi irin na ganye, har da ɗan tabo kamar tsutsa ta ci.

Na ce, "Ashe fara ce, masararku ta shiga uku." Aka yi mini dariya, na kuwa cancanta. Ita farar gona ƙahoninta gajeru ne, amma na wannan sirara ne kamar zare, sun fi jikinsa tsawo. Namijin ne ke kuka, ba da baki ba, fikafikansa na gaba yake gogawa da juna. Macen tana da wani abu kamar lauje a bayanta, da shi take cusa ƙwai cikin tsiro. Abin da ya fi ba ni mamaki, kunnuwansu a ƙafafun gaba suke, ƙasa da gwiwa.

Masana sun ƙidaya irinsu fiye da 8,000 a duniya, mafi yawa a kurmin ƙasashen zafi. Mutanen Amurka suna ce musu katydid, don haka kukan yake faɗa musu a kunne. Kukan nan kuwa da haɗari, gama shi jemage ke bi ya same su. Saboda haka a ƙasar Panama waɗansu sun rage kuka, sai namiji ya girgiza jikinsa a kan reshe, macen ta ji motsin ta zo.

Da zan dawo na ga buhunan gawayi jere a bakin hanya, raina ya ɓaci, don abin da ya ɓuya cikin ganye ba shi da mafaka in an sare itace. Ga shi ko sunansa na Hausa na tambaya a tasha, kowa fara yake cewa. Ina roƙon malaman makaranta da masu karatu, wanda duk ya san sunan da ake kiransa a ƙasarsu ya rubuto mu ji.

Ni ne naka,
Wani akawu, Kaduna.