Kada Ka Cire Soket Mai Maɓalli

Kolombus, Ohayo

Assalamu alaikum ƙanena,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Ya zafin Hustan? Mu nan kowa lafiya, sai godiyar Allah. Yayarku tana gaishe ku, ta ce a tambaya ko tarin nan ya saki auta.

Jiya da ka kira ina tsakiyar aiki, ƙarar inji ba ta bar ni na saurare ka yadda ya kamata ba. Abin da na riƙe shi ne, tirelar kwanan da ka saya ta hannu, fitilunta suna kamawa, famfon ruwa yana ja, amma soket na kicin da na banɗaki da na waje duk shiru. Ka ce ka danna maɓallin da ke jikin na banɗakin ya ƙi zama, kuma wani abokin aikinka ya ba ka shawara ka cire shi ka sa soket na gama-gari a wurin, a huta. Wannan maganar ta ƙarshe ita ta sa na kasa jira sai mun sake yin waya. Don Allah kada ka cire shi. Karanta wannan tukuna, sannan ka ware Asabar da rana ka bi abin a tsanake.

Kamawar fitilu ba ta shaidar komai. Wuta iri biyu ce a cikin tirela, kowace da hanyarta. Akwai ta batir, bolt 12, irin ta mota, ita ke kunna fitilu da famfon ruwa da fankar hita. Akwai kuma wutar gari, bolt 120, wadda ke shigowa ta kakkaurar wayar nan da kake jonawa daga waje, ita ke ciyar da soket da maikirowef da na'urar sanyaya ɗaki. Abin da ya haɗa su shi ne kwanbata, cajar da ke karɓar wutar gari ta mai da ita bolt 12 ta cika batir. Galibin tirelolin ja irin taka ba su da inbata mai mai da wutar batir ta zama irin ta gari, saboda haka da zarar wutar waje ta yanke soket ya mutu, fitilu kuwa za su ci gaba da haske har batir ya ƙare. Don haka kada ka ɓata lokaci a kan ƙananan fiyus masu launi-launi da ke cikin akwatin wutar. Na ɓangaren batir ne, babu ruwansu da soket.

Ka tuna yadda Baba yake yi a Kadawa idan ruwa bai kai fangalin ƙarshe ba? Ba ya zuwa can ya hau tono. Bakin hanyar ruwan yake komawa, ya biyo ta a ƙafa har ya iske inda ta toshe ko ta ɓalle. Haka nake bin wuta shekara da shekaru, haka kuma nake so ka bi ta.

Shiga ka dubi agogon maikirowef. Idan yana nunawa, wutar gari ta shigo tirelar, matsalar tana ciki. Idan baƙi ƙirin yake, fita waje. Ka ce a garejin gidanka ka jona ta da adafta. Soket ɗin gareji a ƙasar nan shi ma yawanci yana bayan irin wannan mai maɓallin, kuma amfiya 15 ko 20 kawai yake ɗauka, alhali tirelarka an gina ta a kan 30. Jona fitilar tebur a wurin ka ga ko akwai wuta. Zare adaftar ka duba ƙafafunta, idan ka ga baƙi ko roba ta narke ko ka ji ƙauri, jefar da ita ka sayi sabuwa. A zango ma haka za ka riƙa yi, turken wutar da suka ba ka yana da birekarsa, kuma ka kashe ta kafin ka jona, sannan ka kunna.

Sai akwatin bireka na cikin tirela. Birekar da ta faɗi ba lallai ta koma ƙasa gaba ɗaya ba, tsakiya take tsayawa, ido ya gan ta kamar a kunne. Tura kowace zuwa kashewa sosai har ka ji ta ce ƙas, sannan ka mai da ita. Idan ta sake faɗuwa nan take, kada ka yi ta gardama da ita, akwai dalili. Wani lokaci dalilin lodi ne kawai. Layin amfiya 15 wat 1,800 yake ɗauka, butar lantarki ɗaya tana cin kusan 1,500. Ka haɗa ta da tukunyar dafa shinkafa a layi ɗaya, ai dole ta faɗi. Tirelar gaba ɗaya ma wat 3,600 ne iyakarta, kuma na'urar sanyaya ɗaki ita kaɗai tana cinye kusan rabi.

Yanzu ga soket ɗin da ake so ka cire. Sunansa GFCI, za ka ga an rubuta TEST da RESET a kan maɓallansa biyu. Aikinsa ƙidaya ne. Yana auna wutar da ta fita ta wayar layif da wadda ta dawo ta nutural. Idan sun yi daidai ba ya cewa komai. Idan ta dawo da giɓi, ko da na kashi biyar cikin dubu na amfiya ɗaya ne, ya san wutar ta sami wata hanya ta zurare, ta ruwa, ko ta ƙarfe, ko ta jikin mutum, sai ya yanke kafin ƙiftawar ido. Bireka ba ta iya wannan. Ita waya take karewa daga ƙonewa, ba ta motsi sai wuta ta wuce amfiya 15, wato ninki dubu uku na abin da shi yake ji. Wutar da za ta tsai da zuciyar yaro ba ta kai ko kusa da abin da zai tayar da bireka ba.

Kuma ba kansa kaɗai yake tsaro ba. Masu ƙera tirela suna sa guda ɗaya, sau da yawa a banɗaki, su ja waya daga bayansa zuwa kicin da soket na waje. Shi ya sa ukun naka suka mutu tare, kuma shi ya sa nake ganin ciwo ɗaya ne ba uku ba. Idan ka cire shi, duk inda ruwa da wuta suke maƙwabtaka a tirelar ka bar shi ba mai gadi. Na san inda tunanin abokin naka ya samo asali, mu ma da shi muka tashi. Sau nawa muka ga an naɗe katawut da zaren waya don kada ya sake ƙonewa? Amma can gida bango bulo ne. Tirela akwati ce a kan firam na ƙarfe, tayoyin roba sun raba ta da ƙasa, matakalarta ƙarfe ce, yaranka kuma za su riƙa hawa da sauka ba takalmi a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa. Idan wuta ta zurara cikin firam kuma wayar ƙasa ta katse, jikin tirelar duka ya zama layif, wanda ya taɓa ƙofa ƙafarsa na ƙasa shi ne hanyar da wutar za ta bi.

Ƙin zaman maɓallin yana nufin ɗayan abu uku. Ko wuta ba ta iso gare shi ba, domin na zamani ba sa komawa sai da wuta, kuma wannan ka riga ka bincika a baya. Ko har yanzu akwai inda take zurarewa. Ko shi kansa ya tsufa ya lalace. Na tsakiyan nan nake zargi. Zare duk abin da ke jone a tirelar, har cajar waya, ka sake dannawa. Idan ya zauna, mai da kayan ɗaya bayan ɗaya har mai laifin ya nuna kansa. Idan bai zauna ba, je ka buɗe murfin soket na waje. Da irin ruwan saman Hustan da laimarta, zan yi mamaki idan ba ka tarar da danshi ko tsatsa a ciki ba. Kashe wuta, bar shi a buɗe ya sha rana yini guda, ka sake robar murfin idan ta tsage. Akwai kuma soket da mutane ke mantawa da shi, na bayan firji, wanda ake isa gare shi ta ƙaramar ƙofar iska da ke jikin tirela daga waje. A wasu tireloli layi ɗaya yake da sauran, kuma ƙarfen zafin firjin idan ya tsufa yana zurar da wuta. Zare filoginsa ka gwada. Hitar ruwa ma haka take yi, musamman idan mai tirelar na da ya taɓa kunna ta tanki ba ruwa.

Idan duk wannan bai warware ba, an zo wurin buɗe bango, kuma a nan nake so ka saurare ni da kyau. Zare babbar wayar daga gareji gaba ɗaya, kashe bireka kaɗai bai ishe ni ba. Sannan ka manta launin wayoyin da ka sani a gida. A tsofaffin gidajenmu ja ce layif, baƙa ce nutural. A Amurka baƙar ita ce layif, fara ce nutural, kore ko tsirarar tagulla ita ce ta ƙasa. Hannun da ya saba da gida baƙar zai kama da natsuwa, ita ce kuwa mai kisa.

A bayan GFCI akwai wuri biyu, LINE inda wuta ke shigowa, LOAD inda take wucewa zuwa sauran. Ɗauki hoto kafin ka taɓa komai. Kwance na LOAD, rufe bakinsu da tef, mai da wuta ka danna. Idan ya zauna, shi lafiyarsa ƙalau, ciwon yana gaba. Idan wuta na isowa amma ya ƙi, shi ne ya mutu, sai ka sayo irinsa sak, mai maɓalli, a kowane shagon kayan gini, kuɗinsa bai kai na cika tankin motarka ba.

Sauran soket ɗin kuwa za su ba ka mamaki idan ka ciro su. Galibin tirelolin ƙasar nan a yankin Elkhart na jihar Indiyana ake haɗa su, da sauri ake aikin, bangon kuma siriri ne. Saboda haka soket ɗin ba shi da akwati, ba shi da noti. Waya ake dannawa cikin wasu haƙoran ƙarfe su huda robarta su kama. A gidan da ba ya motsi wannan zai daɗe, amma tirela kullum cikin girgizar hanya take, haƙoran sukan saki. Da yake wutar daga wannan soket take wucewa zuwa wancan, guda ɗaya ya saki duk na bayansa sun mutu. Nemi na ƙarshen da ke aiki da na farkon da ya mutu, laifin yana bayan ɗayansu. Ni ba na mai da irinsu, akwati marar zurfi nake sawa da soket mai noti. Idan tirelar tana da ɓangaren nan da ke turowa waje kamar durowa, leƙa ƙarƙashinsa, wayar wurin tana lanƙwasa duk lokacin da aka buɗe ko aka rufe. Duba kashin ɓera kuma, tirelar da ta daɗe a ajiye ba ta rasa ɓeraye masu cin waya.

Kayan aiki biyu nake so ka saya kafin ka fara. Ƙaramar testa mai fitila uku da ake cusawa a soket, da testa mai kama da biro wadda ke ƙara idan ta kusanci wuta ba sai ta taɓa waya ba. Ta biyun, duk zangon da kuka sauka, bayan ka jona wuta, tsaya a ƙasa ka kai ta jikin matakala da ƙofa kafin kowa ya shiga. Idan ta yi ƙara, zare wayar nan take ka nemi wani turken.

Na ji kuma kana maganar sa wa tirelar soket nata na amfiya 30 a gefen gida. Shawara ce mai kyau, amma ka tsaya a kan mai aikin. Filogin tirela, TT-30, ya yi kama da na tsohuwar na'urar busar da kaya mai bolt 240, kuma masu gyaran wutar gida da yawa suna ruɗewa. Bara aka kira ni wurin wani bawan Allah da aka yi wa haka. Jonawa ɗaya, kwanbata da maikirowef da talabijin suka tafi. Faɗa wa mai aikin bolt 120 ne, bireka mai ƙafa ɗaya, kuma ya auna da mita a gabanka kafin ka kawo wayar tirela kusa.

Ka ce tafiyarku sai hutun makaranta, akwai sauran lokaci, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Idan ka kai wurin buɗe bango ka ji zuciyarka ba ta kwanta ba, tsaya a nan, ka kira ni ta bidiyo bayan la'asar ɗinku in ga wayoyin da idona. Turo mini hoton akwatin bireka da takardar da ke manne a murfinsa tun yau. Kafin nan, a zare wayar daga gareji, kada yara su yi wasa a ciki tana jone.

Ka gaida maiɗakinka da yara. Na yi waya da Hajiya ranar Juma'a, tana lafiya, ta ce ta kwana biyu ba ta ji muryarka ba, ka kira ta.

Wassalam,
Yayanka