Jikka 85 muka kashe, Baba bai ji labaru ba

 Yau labarin kanmu muka zo da shi, kuma akwai ɗan abin kunya a ciki. Shekara goma sha ɗaya ke nan muna zama gaban makirho, kask a kunne, da sauti muke ci da shi muke sha. Amma da aka zo kan sautin motarmu, sai da muka zubar da jikka 85, muka kusa ƙone motar da mahaifinmu a ciki, kafin mu tuna abin da ko ɗan koyo a situdiyo ya sani.

Motar tsohuwar Corolla ce, irin waɗanda suka biyo ta Kwatano, mu ne hannu na uku. Inji lahiya lau, amma lasifikan ƙofofi rana ta gama da su. Duk wanda ya taɓa barin mota a rufe cikin zafin watan Afrilu ya san tanderun da take zama. Bakin lasifika na soso ne ko roba, zafi ya busar da shi, ƙurar hunturu ta shiga, sai ya tsattsage. In mai karanta labaru ya buɗe baki, sai ka ji kamar ana yaga takardar siminti.

Mu dai mun saba, da haka muke ta lallaɓawa. Damuwar ta Baba ce. Ya haura saba'in, kunnensa ya yi nauyi. Duk ƙarshen wata mukan ɗauke shi zuwa ƙauye, gaba da Tasawa kaɗan, ya ga gona ya ga dangi. Hanyar ta Cadawa, Agye, Gazawa, awa biyu da wani abu. Baba mutumin rediyo ne, ba ya wasa da labarun Muryar Sahel. In kuwa lokacin kokowar takobin ƙasa ne, to kada ma ka yi masa magana, don yana bin gasar tun ta farko da aka yi a Tawa a 1975. Amma cikin motarmu sai dai ya yi ta tambaya: "Mi ya ce? Wa ya kada wa?" A ce ɗanka ma'aikacin rediyo ne, kuma ba ka iya jin rediyo cikin motarsa. Abin ya tsaya mana a rai.

Da albashi ya shigo muka nufi wani shagon kayan sauti. Wani saurayi ya tarbe mu da fara'a: "Barka da zuwa babban yaya, mi za a sa ma motar?" Muka ce sauti muke so mai ƙarfi. Nan muka yi kuskuren farko, don ba mu gaya masa don wa muke so ba, shi kuma bai tambaya ba. Ya sauko da ampili, an rubuta 3000 W a jikinsa da jan rubutu, da akwatin bas mai lasifika ɗaya ƙato, faɗin santimita 30. Ampili jikka 40, akwati jikka 30, waya da kuɗin aiki jikka 15. Muka ce lasifikan ƙofa fa? Ya ce: "Bar su babban yaya, bas zai rufe su." Cikin awa ɗaya an gama. Da ya kunna, gilasai suka ɗauki rawa, yaran unguwa suka taru. Ba mu ɓoye muku ba, ranar kanmu ya kumbura.

Asabar ta zo muka ɗauki Baba. Mun wuce Cadawa lokacin labaru ya yi, muka ƙara murya muna jiran yabo. Kujera na girgiza, madubi na rawa. Baba ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce: "Kai, kashe abin ga. Ina jin ƙara, ba ni jin magana. Kamar mata na daka a bayana. Na da ma ya hi."

Ba mu kai Agye ba sai warin roba mai ƙonewa ya cika motar. Hayaƙi ya fara fitowa daga ƙarƙashin shimfiɗar ƙafa, gefen da Baba yake. Muka taka birki, muka fidda shi, muka kashe inji, amma hayaƙin bai tsaya ba. Allah ya kawo wani direban babbar mota, ya sauko a guje da kile 10, ya buɗe kapo ya kwance kan batir. Sai a lokacin abin ya lafa. Tanki cike yake da esansi. Baba na tsaye gindin wani gawo, dogare da sandarsa, bai ce komi ba sai "Alhamdu lillahi". Mu kuwa ƙafafunmu sun kasa ɗaukarmu. Direban ya yanke wayar ampilin, ya maida batir, muka ƙarasa ƙauye ba rediyo, ba hira. Garin neman gira mun kusa rasa ido.

Da muka komo Maraɗi, teknisiyan ɗin gidan rediyonmu ya tura mu wajen wani dattijo mai gyaran wutar mota. Dattijon ya jawo wayar da ta ƙone, ya kankare ta da wuƙa, ya nuna mana. Waje ja, ciki fari. "Wanga ba jan ƙarfe ba ne, ɗana. Alminiyom ne anka shafa ma jan ƙarfe." Irin wannan waya ba ta ɗaukar wuta kamar ta jan ƙarfe zalla, ga ta kuma siririya, sai ta yi ta zafi. Sannan an zura ta ta hudar ƙarfen da ke raba inji da cikin mota ba tare da robar kariya ba. Girgizar hanya ta sa ƙarfen ya ci rigar wayar, ta taɓa jikin mota. Jikin mota kuwa shi ne mas, wato ɓangaren moins na batir. Plus ya haɗu da moins kai tsaye ke nan.

Babban laifin shi ne babu fizibul kusa da batir. Muka ce ai akwai fizibul biyu a jikin ampilin. Ya yi dariya ya ce waɗannan ampili suke tsaro, can bayan mota. Wayar da ta taso daga batir, mita huɗu ko biyar, ba mai tsaronta. Shi ya sa ko da muka kashe inji wutar ba ta yanke ba, don wayar daga kan batir take sha kai tsaye. Ƙa'ida ita ce a sa fizibul a kan wayar plus, tazarar da ba ta wuce santimita 40 daga batir ba. Abin jikka biyu ko uku, shi ne tsakaninmu da gobara.

Sai ya juya ampilin ya dube mu: "Ka yi lakwal, ko? To lissafa mini." Fizibul biyu ne a jikinsa, kowane ampar 20, ampar 40 ke nan. In inji na tafiya wutar mota wajen volt 14 ce. Nan take allon ajin troisième ya dawo mana, musye na fizik ya rubuta P = U × I da alli. 14 sau 40, wat 560. Iyakar abin da ampilin zai iya sha ke nan kafin fizibul ya tsinke, kuma kaso mai yawa na tafiya a zafi, abin da ke isa lasifika bai fi wat 300 ba. Da a ce da gaske wat 3000 yake bayarwa, zai buƙaci sama da ampar 200, alhali altarnatar ɗin ƙaramar mota irin tamu bai kai ko ampar 100 ba. Lambar da ake bugawa da jan rubutu a kwali ta talla ce. Wadda ake dubawa ita ce mai RMS a gefenta, wato ƙarfin da na'urar ke iya bayarwa a ɗore. Mun ci jarrabawar fizik, amma a shago ba mu tuna da ita ba.

Bayan ya gama da waya, ya yi mana tambayar da ya kamata a yi tun ranar farko: "To kai mi kake so a ji cikin motar ga?" Muka ba shi labarin Baba. Ya ce: "Ashe magana kake nema, ka tahi ka sayo ganga."

A nan ne kunya ta kama mu sosai, don wannan fanninmu ne. Sauti hawa-hawa ne, akwai mai kauri akwai siriri, ana auna shi da herz. Tsohuwar wayar tarho daga herz 300 zuwa 3400 kaɗai take wucewa da shi, kuma da hakan mutane ke fahimtar juna sarai. Akwatin bas kuwa aikinsa ƙasa da herz 100 ne, inda kusan babu abin da ke bambanta kalma da kalma. Kunnen tsufa kuma siraran sautuka yake fara rasawa, irin su s, sh, ts da f. Shi ya sa dattijo zai ce maka yana jin murya amma ba ya gane abin da aka ce. Ƙari a kan haka, sauti mai kauri in ya yi ƙarfi yana danne na samansa. Wato mun ɗauki ɗan abin da ya rage wa Baba mun binne shi da gurnani. Alhali kullum a situdiyo akwai wani ɗan maɓalli a kan tebirin haɗa sauti da muke dannawa don yanke gurnanin ƙasa daga makirho, murya ta fito tas. Da hannunmu muke danna shi kowace safiya.

Gyaran bai da wani tsawo. Akwatin bas muka saida shi da faɗuwa. Muka sayi lasifika biyu masu santimita 16, om 4, aka sa a ƙofofin gaba, da ƙanana biyu masu fidda siririn sauti, waɗanda ake ce ma tuwita, aka ɗora su saman tablo suna kallon kunnen mai zama. Ampilin bai mutu ba, dattijon ya bar shi, ya sa masa wayar jan ƙarfe mai kauri, da roba a huda, da fizibul kusa da batir. Wayar mas ya yi ta gajera, ya kankare fenti har ƙarfe ya fito kafin ya ɗaure. Ya kunna matatar da ke jikin ampilin don kada ya tura ma ƙananan lasifika gurnanin da ba su iya ɗauka. Sannan ya rage maɓallin gain, wanda saurayin can ya murɗe har ƙarshe. Ya ce mutane na ɗaukarsa maɓallin ƙara murya, alhali aikinsa daidaita ampili da rediyon mota ne. In an cika shi sauti na fashewa, kuma fasasshen sauti ne ke ƙona tuwita. Duka da kuɗin aiki jikka 38.

Akwai wani abu da ba mu gaya ma kowa ba sai yau. Kwana biyar ɗin da muka yi muna yawo da bas cikin gari kafin tafiyar, in mun kwanta da dare sai mu ji kunne na ƙugi, wani siririn fito da ba ya tsayawa. Teknisiyan ma ya lura mun ƙara muryar kask fiye da yadda muka saba. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ce babban mutum na iya sauraron desibel 80 na awa 40 a mako ba tare da cutuwa ba, amma in ya kai desibel 90 awa 4 ne kacal. Mota mai akwatin bas, gilasai a rufe, tana wuce nan cikin sauƙi. Hukumar ta kuma ce matasa sama da biliyan ɗaya a duniya na cikin haɗarin lalacewar ji saboda irin wannan sauraro. Ƙananan gasun da ke can cikin kunne, masu karɓar sauti, in sun mutu ba su sake tsirowa. Namu ƙugin ya tafi bayan ƴan kwanaki, mun gode Allah. Ga mai aikin rediyo, kunne shi ne gonarsa. Baba shekaru ne suka rage masa ji, mu kuwa da kuɗinmu muka je sayen namu.

Ba mu hana kowa jin daɗin motarsa ba. Mai son bas ya sa abinsa, kiɗa ba ya daɗi in babu shi. Amma ƙannenmu masu rakiyar amarya da masu zagayen yamma, ku tuna in sautin ya hana ku jin odar ɗan kabu-kabu ko ihun yaron da ya faɗo titi, to ya wuce wasa. Kuma duk wanda zai kai motarsa a sa ampili, ya tsaya a wurin da kansa. Ya kankare wayar ya ga cikinta. Ya ga fizibul kusa da batir da idonsa. Ya lissafa ampar sau 14 kafin ya yarda da rubutun kwali. Tun kafin duk wannan, ya gaya ma mai shago abin da yake so ya ji da wanda zai ji shi. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Ƙarshen watan da ya biyo muka sake ɗaukar Baba. Da ƙyar ya yarda ya shiga, sai da ya sa muka buɗe kapo muka nuna masa fizibul ɗin, ya taɓa shi da kan sandarsa. Mun wuce Cadawa labaru suka fara, murya ko rabi ba mu kai ba. Muka yi ta satar kallonsa muna jiran "mi ya ce?". Har Gazawa bai tambaya ba. Can mai labaru ya ambaci farashin tiyar hatsi a wata kasuwa, sai Baba ya gyara zama ya ce: "Wanga bai je kasuwa ba, ko jiya ta hi haka." Har muka shiga Tasawa yana gardama da rediyo.

Allah shi ba iyayenmu lahiya, shi tsare mu bisa hanyoyinmu. Sai mun sake haɗuwa.