"Fes tu fes", wato ido da ido

Ƴan uwa manoma da makiyaya, masu zuwa cin rani Nijeriya da Gana sukan komo gida da wata kalma ta Ingilishi. Ana rubuta ta face to face, ana faɗin ta "fes tu fes". Fes ita ce huska. Abin nuhi, mutum biyu su gamu wuri guda, kowa na kallon huskar ɗan uwansa. Ba wasiƙa, ba tarho, ba ɗan aike. Da Faransanci ana cewa face à face. Mu kuwa muna cewa ido da ido, ko gaba da gaba.

Kalmar tsohuwa ce, tana cikin Baibul na Ingilishi da aka buga a 1611. A 2020, lokacin cutar korona, sai ta ƙara yawa bakin mutane. An ruhe makarantu, ana yin taro ta intanet. Dole in an kira taro a faɗi ko na waya ne ko na fes tu fes. Suna faɗin ta kuma in mutum ya yi arangama da abin tsoro, kamar makiyayin da ya yi kiciɓis da kura cikin daji.

Ga inda ake zamewa. Kada ka ɗauki "ido da ido" namu ka maida shi Ingilishi kai tsaye, ka ce eye to eye. Wurinsu wannan na nuhin bakinku ya zo ɗaya. Mai albasa daga Galmi, in ya faɗi haka ga mai saye a Kumasi don yana son su gamu, wancan zai ɗauka ya sallama bisa kuɗin da aka taya.

Ni dai ban raina waya ba. Tana gaya mini kuɗin gero a kasuwar Maraɗi ina zaune ƙauye. Amma ba ni bada bashi ta waya, ba ni jinginar da gona ta waya. Zuwa da kai ya hi aike. Wanda ya ce maka "gobe, gobe" cikin waya, da wuya ya maimaita ta gaban yayanka da liman. Haka in shanu sun yi ɓarna, ba ni aika yaro da saƙo. Nakan nemi mai shanun mu tahi wurin mai gari, mu taka gonar tare, ya ga karan da aka ci da idonsa kahin a yanka kuɗi.