Ina Za Ka Rataye Fitila?

Tun shekarar 2018 akwai babbar tashar wutar hasken rana a Malbaza, amma waya ba ta iso ƙauyenmu ba tukuna. Shi ya sa da na sayar da albasa na tafi kasuwar Ƙonni, na sayo ƙaramin farantin sola da batir da ƙwan fitila uku.

To, ka ji wautar da na yi. Ɗaya na rataye a zaure don baƙi su gani, biyu a ɗakina. Uwargida kuwa tana tuƙa tuwo cikin duhu. Ba a yi kwana goma ba kunama ta harbe ta a gindin murhu, tana laluben itace. Daren nan ba mu runtsa ba.

Da gari ya waye na sake shiri. Ɗaya ya koma madafa, gefe da murhu, don hayaƙi yana dusashe shi. Na biyu a tsakar gida bisa doguwar sanda, yana haska hanyar randa da ta makewayi. Na uku a ɗakin yara, ƙasa-ƙasa, haske na sauka bisa littafi, ba cikin ido ba. Ni ma can nake bitar karatuna.

Kafin ka buga ƙusa, zagaya gidanka bayan magariba, ka ga inda hannu ke aiki. Da hunturu ka riƙa goge ƙurar faranti, in ba haka ba batir ba ya cika.

Zaure kuwa, tsohuwar fitilar kananzir na mayar masa.