Gayan Tuwo

Akwai wani malamin Faransanci a Filinge wanda ya daɗe yana neman littafin da zai miƙa wa samarin ajinsa, waɗanda da an gama girbin gero a ƙauyukan Kurfai sai hankalinsu ya koma Yamai ko Kwatano, cin rani, wasu kuma ba a sake ganinsu a benci. Wani abokin aikinsa ya aiko masa da Le Pain nu na Muhammad Shukri, ɗan Maroko, ya ce ga yaron da bai san baƙi da fari ba sai da ya kai shekara 20, amma daga baya ya zama malamin makaranta kuma marubuci. Malam ya ce ya samu abin da yake nema.

Kwana uku ya yi yana karatu, ya ajiye littafin ransa a ɓace.

Shukri an haife shi a 1935 a duwatsun Rif. Yunwa ta kori iyayensa zuwa Tanja. Tun a shafukan farko uban ya murɗe wuyan ƙanensa marar lafiya, yaron yana kallo. Daga nan sai titi: sata, giya, wiwi, gidajen karuwai, kwana a maƙabarta, kurkuku. Tahar Ben Jelloun ya fassara shi zuwa Faransanci a 1980, hukumar Maroko kuwa ta hana shi yawo daga 1983 har 2000. Sunan littafin na Larabci, al-Khubz al-Hafi, Bahaushe zai ce masa gayan tuwo. Haka kuma aka rubuta shi, ba miya.

Ƙorafin malam kashi biyu ne. Na farko yana da gaskiya a ciki: tsakiyar littafin tana maimaita kanta, mashaya ɗaya ba ta bambanta da ta gaba, mata kuma suna shigowa suna fita ba wadda aka tsaya aka dubi zuciyarta. Mai karatu yakan gaji da ƙazanta kamar yadda yakan gaji da wa'azi.

Na biyun shi ne ya fi cin sa. Littafin ya ƙare daidai lokacin da saurayin ya ɗaura aniyar tafiya makaranta a Larash. Ba aji, ba allo, ba malamin da ya kama hannunsa. Ba tuba. Bai yafe wa uban ba, bai ma rufa masa asiri ba. A ƙasar da mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari saboda kunya, ɗa ya tsaya gaban duniya yana tsine wa mahaifinsa abu ne da kunne ba ya ɗauka. Malam ya ce wa abokin nasa, “Wannan ba tarbiyya ba ce, tonon silili ne. Me zan ce wa iyayen yara?”

Sai dai abin da ya nema ba shi aka yi masa alkawari ba. Ya so wahala ta zo da rasit, a nuna ta biya. Ya so, ko bai faɗa ba, a gode wa malami a shafin ƙarshe. (Makarantar tana cikin littafi na biyu, na 1992, kuma can ma Shukri bai zama waliyyi ba.)

Akwai kuma abin da malam bai taɓa gaya wa ajinsa ba. Yana da shekara 10 a yunwar 1984. Ya san abin da aka ci a gidansu a ƙwarin Dallol Boso, ya san wanda ya tafi kudu bai aiko da ko dala ba. Shekara 40 yana riƙe da wannan da kyakkyawan suna: haƙuri. Sai ga wani baƙo ya faɗi nasa tsirara, bai nemi gafarar kowa ba.

Bai ba ɗaliban littafin ba. Bai kuma mayar wa mai shi ba. Yana cikin akwatin ƙarfe, ƙarƙashin takardun jarrabawa, an naɗe kusurwar shafin da ƙanen ya mutu.