Bindigar Gidanmu

Hausawa na cewa gado ba na rago ba ne. Ban san nauyin wannan magana ba sai da Allah ya yi wa mahaifina rasuwa, aka raba gado, bindigar gidanmu ta faɗo a rabona. Bindiga ce mai baki biyu, ƙirar Jamus, wadda tun muna yara muke ganinta naɗe cikin tsohon gwado a bayan gadon Baba. Duk yaron da ya tashi a gidanmu ya san labarinta: wai da ita kakan mahaifina ya fita filin Giginya ranar 15 ga Maris, 1903, ranar da Turawan Ingila suka ci Sakkwato a zamanin Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya. Da wannan labari muke yi wa yaran unguwa alfahari, da shi kuma na yi niyyar buɗe kundina na neman digiri a kan adabin baka.

Da na kai wa malamina wannan shawara a Dundaye, sai ya yi murmushi ya ce, "Madalla. To, amma ka tambayi ita bindigar?" Na ce, "Allah gafarta Malam, ƙarfe yana magana?" Ya ce in je in duba jikinta da kyau, domin Jamusawa ba su sakin bindiga sai sun rubuce ta.

Wani dattijo maƙeri daga Maƙera Assada, abokin Baba, shi ya zo gida ya kwance mini ita. Ya fara tabbatar da babu harsashi a ciki, sa'an nan ya ɓalle katakon da ke ƙarƙashin bakunan, ya karya ta, ya zare bakunan biyu daga ƙota. Ya goge shafaffen gindinsu da tsumma da ɗan kananzir, ya murza alli a kai, ya hure. Sai ga ƙananan tambura sun fito fari fat. A saman bakunan kuwa an rubuta J. P. Sauer & Sohn, Suhl. Na ɗauki hotonsu duka da waya, na shafe mako biyu ina bin su ɗaya bayan ɗaya a intanet.

Suhl wani gari ne a tsakiyar Jamus wanda ya shahara da ƙirar bindigogi, kamar yadda Maƙera Assada ta shahara da ƙira a garin nan. Kamfanin Sauer yana lissafin kafuwarsa daga 1751, a Suhl ya zauna har bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sa'an nan aka sake kafa shi a Eckernförde a 1951. Da na ga haka sai raina ya yi fari, na ce lalle tsohuwa ce. Har na fara raya cewa ko tana cikin kayan da Bajamushen nan Paul Staudinger ya zo da su a 1885, lokacin da ya kawo wa Sarkin Musulmi Umaru ɗan Ali kyautar Sarkin Jamus.

Tamburan ne suka fara rushe mini gini. Akwai kambin sarauta a kan harafin U, watau an gwada ta an duba ta. Akwai kambi a kan S, watau bakin na harsashi mai watsuwa ne, irin na harbin zabi da agwagwar ruwa. Akwai kuma kambi a kan W a baki ɗaya, watau an tsuke ƙarshensa don kada harbi ya watse da wuri. Waɗannan tambura kuwa dokar gwajin bindiga ta 1891 ce ta kawo su, ba a fara aiki da ita ba sai 1893. Ke nan zancen Staudinger ya faɗi. Na ce ba komai, ai tsakanin 1893 da 1903 akwai shekara goma.

Sai na zo kan kalmar Nitro, wadda ke nuna an gwada ta da albarushi marar hayaƙi. Irin wannan tambari daga 1912 ya fara. Nan gabana ya faɗi. Na nemi wata mafaka, na ce watakila ganima ce daga yaƙin Kamaru, inda sojojin ƙasar nan suka kara da Jamusawa daga 1914 zuwa 1916, aka ci Garwa a 1915. Amma can a gefe akwai wasu ƙananan lambobi, 6/28, waɗanda da farko na ɗauka lambar kamfani ce. Ashe tun daga 1923 ma'aikatar gwaji ta Suhl ta riƙa buga wata da shekara. Watau a watan Yuni na 1928 aka gwada bindigarmu, shekara 25 bayan Giginya. Lokacin da Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi cikin Yuli 1903, ko ƙarfenta ba a narka ba.

Kwana uku ban gaya wa kowa ba. Baffana ya riga ya ce akwai mai son sayenta da tsada don an ce ta ga Giginya, ƙannena kuma ba su da abin tinƙaho da ya wuce ta. Abin da ya fi damuna shi ne Kaka, mahaifiyar Baba, wadda ta haura tamanin, ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka ga tsohon da idonsu. Yaya zan dubi tsohuwa in ce mata tarihin gidan mijinta ƙarya ne?

Ran na huɗu bayan la'asar na same ta tana tsince wake, na durƙusa na yi ta kewaye-kewaye har na faɗi. Sai ta ajiye faifai ta yi dariya har da hawaye. Ta ce, "Kai maigida, wanga shi ne ka kwana uku kana ɓacin rai? Wa yac ce maka da ita anka tai Giginya? Ni nid dafa ma tsohon tuwo shekara shida, ban taɓa jin ya faɗi haka ba. Da kwari da baka yat tai, yana saurayi."

Ta ce ya sha ba su labari da dare cewa ko kibiya ɗaya bai kai ga saki ba, domin tun daga nesa Nasara suka buɗe wuta da bindiga mai ruwa, mutane suka yi ta zuba. Wansa ya faɗi kusa da shi, shi kuwa ya saɓo gawar a kafaɗa ya kawo gida. Bindigar kuwa sai da ya manyanta, ya kama fataucin fatar jar akuya zuwa Kano, ya saye ta hannun wani Bature mai shirin komawa gida. Yara ne suka ga bindiga, suka ji labarin yaƙi, suka ɗaura musu aure. Na ce, "To Kaka, don me ba ki taɓa faɗa ba?" Ta ce, "Wa yat tambaye ni?"

Wannan tambaya ta fi duk tamburan Jamus shiga raina. Shekara uku ina karanta yadda ake tattara labarin baka, na je ƙauyuka da na'urar ɗaukar magana, ga shaida a tsakar gidanmu ban taɓa zama gabanta ba.

Na gaya wa Baffa gaskiya, ciniki ya mutu, ya yi fushi na ɗan lokaci ya huce. Ba mu harba ta, domin dattijon ya auna mazaunin harsashinta ya ga milimita 65 ne, harsashin da aka fi samu yanzu kuwa 70 ne, sa shi a ciki ganganci ne. Lasisin Baba kuma ba a gadonsa, saboda haka Baffa ya kai maganarta ga 'yan sanda kamar yadda dokar makamai ta 1959 ta nema.

Kundina yanzu da muryar Kaka ya fara, na ɗauki awa huɗu ina saurarenta. Na rasa bindigar da ta ga Giginya, na sami saurayin da ya ɗauko ɗan'uwansa daga filin. 'Yan'uwana ɗalibai, duk mai tsoho a gida ya je ya zauna gabansa tun yana da rai. Allah ya jiƙan magabata, ya sa mu gama da duniya lafiya, amin.