Komai Nisan Jifa

Wani injiniya ɗan asalin Roni, wanda aiki ya kai shi Ghana, ya zo gida hutun Sallah da wani bidiyo a wayarsa. A ciki ana ganinsa rataye a ƙarƙashin wata doguwar laima mai launi, matuƙi na bayansa, sun taso daga kan dutsen Odweanoma na garin Atibie a ƙasar Kwahu, suna shawagi bisa daji har suka sauka a filin ƙwallo na Nkawkaw. Tun 2005 ake yin wannan biki a can lokacin Ista, ƙarƙashin hukumar yawon buɗe ido ta Ghana, kuma matuƙa daga ƙasashe daban-daban suke zuwa su ɗauki mutane.

Tun daga ranar da ya sauka, abu ɗaya ke masa yawo a zuciya: jerin duwatsun nan da ke tsakanin Kazaure da Roni, waɗanda ya taso yana hawa neman kanya da magarya. Me zai hana a yi irin wannan a gida? Ya nuna wa abokai, kowa ya yaba. Sai ya nuna wa baffansa, wanda gonarsa ke gindin ɗaya daga cikin duwatsun. Dattijon ya kalla sau biyu, ya miƙo masa wayar.

"To, ɗana, tashin dai na gani. In ka sauko, a gonar wa za ka faɗo?"

"Baffa, ai ko'ina ma ana iya sauka."

"Ko'ina ɗin nan da mai shi."

A lokacin dariya ya yi. Daga baya, da ya shiga karatun abin, ya gane cewa tambayar nan ita ce ke cin mafi yawan lokacin ƙungiyoyin masu wannan wasa a duniya.

Laimar shawagi ba ta da inji. An fara tashi da ita daga kan tudu a 1978, a ƙauyen Mieussy na Faransa, inda wasu masu dirowa da laima daga jirgi suka gwada gudu da ita a gangaren dutse. Kyalle ne mai ruɓi biyu wanda iska ke cikawa ya zama fiffike, an ɗaure shi da siraran igiyoyi da kaurinsu bai fi na zaren ɗinkin takalmi ba. Abu biyu ke ɗaga ta: iskar da ta bugi dutse ta haura sama, da kuma zazzafar iskar da ke tashi daga ƙasa idan rana ta yi, wadda shirwa ke kewayawa a cikinta ba tare da kaɗa fiffike ba. Idan babu ɗaya daga cikinsu, laimar sauka take yi a hankali, tana cin kimanin mita tara gaba a kan kowace mita ɗaya da ta yi ƙasa. Ke nan wanda ya taso daga tudu mai tsayin mita 100 ba zai kai kilomita ɗaya ba zai taɓa ƙasa. A ƙasar Kazaure, wannan tazara gonar wani ce, ko burtali, ko bayan gidan wani.

Shi ya sa abin da ƙungiya take mallaka a zahiri fili biyu ne, na tashi da na sauka, kuma yawanci ma ba nata ba ne. A Birtaniya, inda ƙungiyoyin yankuna suke ƙarƙashin uwar ƙungiya guda tun 1992, kusan kowace na da jami'in da aikinsa kula da wuraren tashi: shi ke zama da mai gona, a yi yarjejeniya kan inda za a ajiye mota, ƙofar da za a bi, da lokacin da ba a so a ga kowa. Akwai tuddan da ake rufewa makonni lokacin haihuwar tumaki, domin inuwar laima na firgita su. Matuƙi ɗaya da ya bar ƙofar shinge a buɗe, ko ya tattake shuka, zai iya jawo a hana kowa wurin da aka yi shekaru ana lallaɓawa.

Sannan ga aikin hannu. Filin tashi yana buƙatar gangare mai fuskantar iska, wanda aka share daga duwatsu masu kaifi da kututture, domin igiya ɗaya da ta maƙale na iya karkatar da fiffiken a daidai lokacin da ƙafa ta bar ƙasa. Bishiyar da ta yi tsawo a gaban filin tana murɗa iska a bayanta, kamar yadda ruwan rafi ke juyi a bayan dutse, kuma irin wannan iska ce ke naɗe laima. Sawun ƙafa yana kashe ciyawa, ruwan sama ya bi sawun ya fara zaizaya. Tutar da ke nuna inda iska ta fito, rana na cinye ta, dole a sauya. Duk wannan 'yan ƙungiya ne ke fitowa su yi da adda da shebur a ranakun da ba a tashi. Aikin gayya ne, sai dai babu kiɗa.

Da injiniyan ya ɗora wannan ma'auni a kan garinsu, lissafin ya sauya. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, ta damina daga kudu maso yamma, don haka dutse ɗaya na buƙatar fuska biyu. Da damina gindin duwatsu cike yake da gero da dawa da riɗi, ga hadarin da ke haɗuwa cikin ɗan lokaci. Bayan kaka gonaki sun zama fili, amma tushiyar kara na jiran idon sawu, shanun Fulani na kiwo a ciki, ƙarangiya kuma ba ta barin kyalle. Da bazara zazzafar iskar na da ƙarfi, amma ita ce ke haifar da guguwa. A wajen Babura, inda ƙasa take shimfiɗe har kan iyakar Nijar, ana iya jan laima da doguwar igiya daga mota har ta hau, kamar yadda aka yi a Texas ta Amurka a 2021, inda wani matuƙi ya yi tafiyar fiye da kilomita 600. To amma wannan ma na buƙatar miƙaƙƙen fili wanda babu wayar lantarki a kansa, da yardar masu shi, da izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama.

Abin da ya fi damunsa bai shafi laima ba. Da ya hau dutsen yarintarsa, ya tarar an sare yawancin itatuwan an yi makamashi, masu fasa dutse sun ci gefe ɗaya, kuma wani kwazazzabo da a da yake tsallakewa da ƙafa ɗaya ya buɗe baki ya nufi gonar baffansa. Ba wanda ya yi wannan da mugunta. Kowa ya ɗebi abin da yake buƙata, kuma babu wanda aka ɗora wa alhakin mayarwa. A nan ya fahimci abin da ƙungiyar masu shawagi ke yi wa tudu a wasu ƙasashe: tana sama masa mutanen da za su ji ciwo idan ya lalace, waɗanda suka san sunan mai kowace gona da ke ƙarƙashinsa. Biki na kawo baƙi kwana huɗu a shekara. Sauran kwanakin sai an sami mai lura.

Har yau bai sayi laima ba. Kafin hutunsa ya ƙare ya je ya gaida mai unguwa, ya nemi a ba shi samari goma. Sun yi yini biyu suna jera duwatsu a bakin kwazazzabon, layi bayan layi, yadda ruwa zai rage gudu ya ajiye ƙasar da ya ɗauko. Ya kuma rubuta a littafinsa sunayen masu gonaki bakwai da ke gindin dutsen ta fuskar arewa maso gabas.

Da yamma baffan ya zo ya duba aikin, ya taka jerin duwatsun da sandarsa ya ji ko sun zauna.

"In an cire amfanin gona, ka iya faɗowa a tawa," ya ce. "Amma ta Malam da ke gabas, sai ka je da kanka ka tambaye shi."